Ranar da Madigadi ya Ci Taya a Hanyar Roni

Motata ta farko jif ce, tsohuwa, ta ma'aikatan gona. A gwanjo na same ta a Kazaure, shekarun da kuɗin mai ya shigo gwamnati ta fara zubar da tsofaffin motocinta. Tuƙi a soja na koya, lokacin yaƙi. Boko ban yi ba. Na dawo gida da raina da lasisi da tabo a cinya, na kama neman abinci.

Ƙauyenmu yana tsakanin Gwiwa da Roni. A lokacin babu kwalta ta wajenmu, ko burji babu. Burtalin shanu ne manyan motoci suka mayar hanya. Da damina roka, babbar motar ɗaukar hatsi, za ta bi ta haƙa dogayen ramuka biyu, ta bar tudu a tsakiya kamar kunyar rogo. Tayoyina su faɗa ramukan, cikin motar ya hau tudun, shi ke nan ta zauna, ƙafa huɗu suna juyawa a banza. Na sha wuni a ƙarƙashinta da shebur.

Shekarar da Inna, mahaifiyata, ta samu kujerar Makka, tafiyar ta faɗo ƙarshen damina. Sauran shanun da fari ya bar mata su ta sayar. Ƙanenta, Kawu, masinja ne a Kazaure, kuma shi ne muharraminta, tare za su tafi. Ya aiko cewa ranar Laraba maniyyatan yankinmu za su taru a Kazaure, da an sallame Azahar bas za ta kwashe su zuwa sansanin alhazai a Kano. Ya ce a gaya mini da kyau, bas ba ta jira, jirgi ba ya jira, wanda aka bari sai baɗi. Inna kuwa ta tsufa. Ba wanda zai yi mata alkawarin baɗi.

Na ce a bar ni in kai ta tun Talata ta kwana gidan Kawu. Baffa ya hana. Baffa ƙanen mahaifina ne, tun rasuwar mahaifin namu shi ne babba a gidan. Ya ce dangi na rugage sai Laraba da sassafe za su iso, kuma ba a fitar da maniyyaciya daga ɗakinta kamar an sato ta. Maganarsa ta zauna.

To, na ce wannan karon motar ba za ta zauna mini a hanya ba. Saura kwana huɗu na kai ta Babura wajen wani bakanike, Babarbare, da ya san irin waɗannan motoci. Mu asalinmu Fulani ne, saboda haka tun kafin in kashe inji ya fara tsokanar da ke tsakaninmu da su.

"Bafillace da mota! Me ta yi maka? Ta ƙi ba da nono?"

"Ɗaga min ita."

"Zuwa ina?"

"Taki guda. Cikinta na kama ƙasa."

Ya kwance sifirin duka huɗu, wato jeren ƙarafan da bodi ke zaune a kai, ya ƙara wa kowane ganyen ƙarfe biyu, ya sake ƙarafan da sifirin ke rataye a jiki da masu tsawo. Wuni biyu muka yi. Bodi ya tashi, har sai na ɗaga ƙafa sosai kafin in shiga. Amma da na leƙa ƙasa sai na ga aksil, ƙarfen da ya haɗa tayar hagu da ta dama, yana nan inda yake. Dunƙulen ƙarfen da ke tsakiyarsa, wanda shi ne ke kama tudu, bai motsa ba.

"Wannan fa?" na ce.

"Wannan sifirin ba ya ɗaga shi, sai taya. Ko a rugarku ka taɓa ganin ƙafar sa ta ƙara tsawo don tozonsa ya girma?"

Akwai wani mutumin Nijar da ke shigo da tayoyin motocin hamada, dogaye masu faɗi. Guda huɗu gare shi. Muka yi musaya, na ba shi nawa biyar, har da safaya. Da aka ɗaura su na sa hannu tsakanin taya da bakin madigadi, wato ƙarfen bodin da ya lulluɓe taya ta sama. Dunƙulen hannuna ya shiga ya fita, gaba da baya, hagu da dama. Na ce ya yi.

"Loda mata buhuna ka zaga da ita tukuna," in ji bakaniken. "Motar da ba kaya ba ta faɗin gaskiya."

Na ce na ji. Ban yi ba. Hadari ya haɗo ta gabas, ina son in kai gida. Ni kaɗai na koma, ba ko ƙunshin goro a baya, ta bi ramukan roka ta wuce kamar raƙumi. Na shiga gari ina jin kaina, duk wanda ya tsaya kallo na ce masa yanzu ba hanyar da za ta gagare ta. Wannan bakin nawa ne ya ja mini.

Ranar Laraba kayan Inna ba su da yawa. Akwatin ƙarfe ɗaya, ƙullin garin tuwo, kuka da daddawa da yaji, man shanu a gwangwani, buta da tabarma. Mutane ne suka yi yawa. A wajenmu rakiyar maniyyaci ba a gayyata, kuma ba a kora. Kowa yana son a ce da shi aka taka wa mai zuwa ɗakin Allah, ko ya samu rabonsa na albarka. Kafin in gama ɗaure akwatin, Baffa da liman sun shige gaba. Inna tana baya, Gwaggo, ƙanwar mahaifina, tana gefenta, mata sun cika benci biyu har da kan cinya. Maza suka hau rufi, wasu kan banet, wasu suka maƙale a ƙofar baya.

"Baffa, mun yi yawa," na ce.

"Wa za ka sauke? Ni ko liman?"

Na ci gaba da ɗaure akwatin, ya leƙo ta taga.

"Ba kai ka ce ka ɗaga ta ba? Duk gari ya ji. Ja mu tafi."

A soja na taɓa gaya wa saje magana ido da ido, na sha horo, ban ji komai ba. Amma ban san yadda ake ce wa Baffa ya sauka ba. Inna ma ba zan iya kai mata ƙara ba. Ni ɗan fari ne, ba ta faɗin sunana, ba ta yi mini magana sai ta bakin wani. Na tayar da mota.

A tudu ba laifi. Da muka fara shiga ramuka sai na riƙa jin gur, gur daga baya, duk lokacin da ta dira. Na ce wa kaina akwatin ne. Na san ba akwatin ba ne. Muka zo wani kwari da ruwa ya zaizaye, ƙafar hagu ta hau gaɓa, ta dama ta faɗa, sai na ji ƙara kamar an yaga sabon yadi. Ƙaurin roba ya cika motar.

"Wa ya ɗora wani abu a wuta?" in ji Gwaggo.

Na fitar da ita daga kwarin, na tsaya, na zaga baya. Sifirin da aka ƙara wa ganye ya miƙe sambal saboda nauyi. Madigadi ya sauko ya zauna a kan taya. Inda hannuna ya shiga a Babura, yanzu ko yatsa ba ya shiga. Bakin ƙarfen ya yanka tayar hagu zagaye, kamar an yi mata zobe, tsagar ta kusa kai zare. Ta dama ma ya fara ci. Na taɓa, zafi kamar tanda.

Hantsi ya ɗaga, ko Roni ba mu kai ba. Safaya babu, na bar ta a Babura. Ranar ba kasuwar kowa ba ce, ba motar da za ta biyo ta nan. Na tsaya ina kallon tayar, a raina ina hango Inna zaune a bakin hanya da akwatinta har la'asar.

Na je tagar Baffa.

"Ƙarfe na cin taya. Akwai maƙera a ƙauyen gaba, in na kai can a yanke bakin ƙarfen. Amma da mutanen nan ba za ta kai ba, fashewa za ta yi."

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi! A hanyar Makka kake wannan magana? Tafi a hankali."

"Ko da rarrafe ne, za ta fashe."

Baffa ya juya ya dubi na baya, na baya suka dubi na rufi. Kowa ya ji, ba wanda ya motsa. Wanda ya fara sauka, shi za a ce bai damu da Inna ba, kuma za a riƙa faɗa har jikokinsa.

"Ni dai ko kaza ta fi ni nauyi," in ji Gwaggo.

"Kazar wane gari?" wani ya ce daga rufi. Aka yi dariya. Ni ban yi ba.

Sai na ji Inna ta ce a ba ta hanya. Ta taka ƙafafun mutane ta sauko a hankali, da butarta a hannu. Ta gyara mayafi. Ba ta dubi kowa ba, ta kama hanya da ƙafa.

"Ina za ki?" in ji Baffa.

"Makka."

"Da ƙafa?"

"Kakanka da me ya je? Zauna abinka, ƙaramin miji, ka raka mota."

Tsakaninta da Baffa akwai wasan matar wa da ƙanen miji, ita kaɗai ke iya gaya masa haka. Gwaggo ta fara dirowa tana kiran a tsaya mata. Sauran mata suka bi. Na rufi suka zazzago ɗaya bayan ɗaya, liman ya tattara rigarsa ya fita. Wanda aka zo rakawa yana ƙasa, zaman me za a yi a mota? Baffa ya daɗe shi kaɗai yana kallon gilashi, sannan ya buɗe ƙofa yana ƙunƙuni, ya bi sahu.

Bodi ya tashi daga kan taya. Na ja motar a giya ta ɗaya, na zo na wuce su. Uwata tana tafiya cikin laka ranar tafiyarta Makka, ni ina zaune a mota ba kowa. Ban tsaya ba. In na tsaya ta shiga, duk za su sake hawa. Ban dube ta ba, ita ma ba ta dube ni ba.

Maƙerar tana gindin wata tsamiya a bakin ƙauyen. Na tarar da maƙerin, dattijo ne, yana ƙera magirbi, don gero ya kusa isa yanka. Na gaishe shi a gaggauce, na nuna masa. Na ɗauki gawayi a murhunsa na ja layi a jikin madigadin, yatsa uku sama da bakin.

"Nan za ka yanke, Baba. Duka biyun na baya."

Ya zaga motar ya ƙwanƙwasa ƙarfen da ɗan yatsa.

"Ni garma da lauje na gada. Ban taɓa yi wa mota kaciya ba."

"Yau za ka fara. Maniyyaciya na ɗauko, tana tafe da ƙafa."

Ya tafi ɗauko kayan aikinsa. Na sa jak na ɗaga bodi har taya ta yi nisa da ƙarfen. Ya ɗauko kurfi, abin da yake datse ƙarfe da shi, da masaba. Bodin irin ƙarfen tukunya ne, mai laushi. Yana bugu ina riƙe da wani guntun ƙarfe ta ciki don kada ya lotsa. Kowane bugu ina jin sa a haƙorina. Fentin da nake wankewa kullum ya riƙa tashi yana faɗa mini a ido. Da ya cire yankin, sai ya ce bakin da ya rage ya fi na da kaifi, in aka bar shi haka aska ce. Ya kama shi da awartaki ya naɗe ciki kaɗan-kaɗan, ya bi da masaba ya kwantar. Wannan ni ban yi tunaninsa ba.

Muna kan na biyu masu rakiya suka iso. Inna ta zauna a saiwar tsamiya tana wanke ƙafa da butarta. Da aka gama na sauke jak. Wannan karon ban yarda da hannuna a mota ba kaya ba. Na ce maza su hau in gani. Suka hau da murna, sun zaci tafiya ce. Na durƙusa na leƙa. Yatsa ɗaya ne ya shiga, da ƙyar, a tsaye ke nan, ba rami ba gargada. Ga tayar hagu da rauninta. Na ce su sauka. Na miƙe na rasa ta inda zan fara gaya wa Baffa.

Gwaggo ta zo ta raɗa mini: "An ce a tambaye ka, za ta ɗauki kowa?"

"Ba za ta ɗauka ba."

Ta koma ta faɗa. Inna ta gama wanke ƙafarta, ta sa takalmi, sannan ta dubi liman.

"Malam, a yi mana addu'ar a nan. Inuwa ta yi kyau, ga kowa a zaune. A Kazaure hayaniya ce."

Kafin wani ya ce wani abu ta juya wajen Baffa.

"Shekarun da muka yi gida ɗaya, abin da na yi maka, wanda na sani da wanda ban sani ba, ka yafe ni."

Wanda zai tafi Makka in ya nemi gafararka, ba ka ce masa bari sai an jima. Baffa ya ce ya yafe, shi ma a yafe shi. Ta bi mutane ɗaya-ɗaya, mata suna kuka, kowa yana ba ta saƙon addu'arsa, mai neman haihuwa, mai ciwon ƙafa, mai ɗan da ya tafi kudu ya ƙi dawowa. Har maƙerin ya ajiye masaba ya zo ya tsuguna. Liman ya yi addu'a, aka shafa. A wajenmu inda aka shafa fatiha nan rakiya ta ƙare. Ba a sallama sau biyu.

"Kin yi mini wayo," in ji Baffa.

"Ka yafe har da shi."

Ya yi dariyar da bai so ba. Ya juyo gare ni.

"Kai kuma, mai raƙumi. Ɗauki gwaggonka ta zauna da ita. In ka bari bas ta tashi, kada ka biyo ta garinmu."

Mu uku muka tafi, su biyu a baya da akwati. Muka wuce Roni rana ta kusa tsaka. Daga nan burji ne, mai gargada. Ƙafata tana son taka mai, na hana ta, don gudu zafi yake sa wa taya. Sau biyu na tsaya na duba tsagar, na zuba mata ruwa. Kowane karo ta ƙara buɗewa kaɗan. Gur ɗin nan dai ban sake jin sa ba. A wata kwana tsakanin duwatsu na murɗe sitiyari har ƙarshe, tayar gaba ta gogi sifirin ta yi ƙara, Gwaggo ta saki salati. Na sassauta sitiyarin, ƙarar ta ɗauke. Inna kuwa, carbinta kawai nake ji.

Muna shiga Kazaure ana kiran sallar Azahar. Filin ya cika da maniyyata da 'yan rakiya da masu tallan ruwa. Bas biyu suna tsaye, an gama ɗaure kaya a rufin ɗaya. Kawu yana bakin titi da sabuwar hula, yana kai da kawowa da takardu a hannu.

"Ina kuka tsaya? An kira sunanta sau ɗaya, na ce tana alwala!" Sai idonsa ya kai kan motar. "Wa ya gatsi motarka?"

"Maƙeri."

"Ina Baffa da jama'a?"

"Sun yi sallama a hanya."

Bai da lokacin tambaya. Muka sauke akwatin, aka miƙa shi rufin bas ta biyu. Aka tayar da salla, na bi sahu da baƙin gawayi a rigata. Da aka sallame wani mai rajista ya hau benci yana kiran suna. Ya kira na Inna, ta amsa da murya ƙarama, Kawu ya amsa mata da babba. Ta riƙe ƙarfen ƙofa ta hau, takalmanta da sauran laka a jiki. Na ga ta zauna ta wajen taga, ta ɗora butarta a cinya. Bas ta yi ham ta juya ta kama hanyar Kano. Na tsaya har na daina ganin ta.

Daga nan na juyo. Na zauna a ƙasa a gefen motar. Sai a lokacin na tuna ko koko ban sha ba tun safe. Gwaggo ta sayo mana fura a ƙwarya, ta ce mu tafi da ita, mu sha a hanya, kada yamma ta yi mana.

Ba mu yi nisa da gari ba, duwatsun Kazaure suna bayanmu ana ganin su, tayar hagu ta fashe. Ƙara kamar bindiga. Motar ta karkata, na riƙe ta, ta tsaya a gefen wata gonar dawa. Na fito na duba. Ta tsage daidai kan zoben, ta yi baki biyu.

Dariya ta kama ni. Na dafa bodi ina yi har da hawaye.

"Kai, lafiyarka?" in ji Gwaggo. "Ko sojan ne ya motsa?"

"Lafiya lau, Gwaggo."

"To yanzu ya za mu yi?"

"Oho. Sauko da furar nan."

Ta sauko tana mita. Muka samu inuwar wani marke muka zauna, ta dama, muka sha.